Rigar Saƙin Malam Ɗanladi

Shekara goma sha bakwai Malam Abdulƙadir ya yi yana riƙe da wata amana bai isar da ita ba, kuma da za a tsare shi a tambaye shi, ba zai iya cewa mantuwa ce ba. Amanar riga ce. Babbar riga ce ta saƙi, saƙar hannu mai shuɗi da ɗigon fari kamar bayan zabuwa, da aikin aska takwas a ƙirjinta, wanda aka yi da zaren tsamiya tun zamanin da maɗinki kan shafe wata huɗu a kan riga guda. Ta mahaifinsa ce, Malam Ɗanladi na Lakwaya. Saura kwana biyu tsohon ya cika, daga shi sai Abdulƙadir a ɗakin, ya nuna rigar da haɓa ya ce, "Wannan ka kai wa Ja'afaru. Shi ne ya ɗauko tsayina. Kai in ka sa ta, share masallaci za ka yi da ita." Har ya soma dariya, tari ya katse shi.

Abdulƙadir ya ce to. Shi ne babba. Shi ne ya yi wata bakwai yana juya tsohon a kan katifa, yana goya shi a babur zuwa asibiti, yana zubar da abin da ba a faɗa. Ja'afar, ƙanensa, yana Kabo yana harkar hatsi, sai ranar Juma'a yake leƙowa da lemo a leda. Amma da aka zo kan riga, tsayi aka duba.

Ranar rabon gado, a zauren gidan Lakwaya, bayan an gama da gona da awaki, Ja'afar ya ɗago kai ya ce, "Yaya, ina saƙin Baba?"

Abdulƙadir ya ce, "An yi sadaka da ita ga wanda ya yi masa wanka."

Liman ya gyaɗa kai, domin abu ne da aka saba. Ja'afar ya ce Allah ya kai ladan kabarinsa, aka shafa fatiha, aka watse. Rigar kuwa tana naɗe a ƙasan adakar Abdulƙadir a Gwarzo tun ranar sadakar uku.

Daga baya ya nemi inda zai fake. Ya tambayi wani malami, ya ce labarin wani abokinsa ne, malamin ya ce ai babu wasiyya ga magaji sai in sauran magada sun yarda. Ya riƙe wannan magana kamar sanda. Sai dai shi mutum ne da ya yi shekara talatin yana aikin malamin gona, yana gaya wa manoma gaskiyar da ba sa so a kan irinsu, ya san cewa in rigar ba wasiyya ba ce to gado ce, kuma a gadon ma bai fito da ita ba.

Sau ɗaya ya taɓa sa ta, ya rufe turaka tukuna. Ta ja ƙasa kamar yadda aka faɗa. Bai ƙara ba. Abin da yake yi shi ne, kowace shekara idan damina ta ɗauke, sai ya fito da ita ya shimfiɗa a kan gado ta sha iska, ya zauna yana kallonta, ya ƙara ƙwayoyin kafur ya mayar. Duk da haka asu ya samu hanya. Tsakaninsa da Ja'afar ba a yi faɗa ba. Ana gaisawa, ana zuwa suna da jana'iza. Amma ya zama ba ya iya zama da shi ya wuce shan ruwa, kuma duk alherin da ƙanen ya yi masa sai ya ji shi kamar ƙaya a takalmi.

A kakar bana aka sa ɗaurin auren autarsu, Kamila, wadda ta gama karatun ungozoma ta kawo wanda take so. Ranar Asabar za a ɗaura, kuma bisa al'ada Ja'afar ne waliyyi, shi zai bayar da ita. Ranar Laraba bayan la'asar Malam Abdulƙadir yana zaune a turaka yana duba sunayen waɗanda bai kai wa goron gayyata ba, sai matarsa Hajaratu ta yi sallama ta shigo da wani ƙunshi a cikin sabon zane. Tana tafe tana danne murmushi.

Ta ce, "Malam, ajiye biron nan ka tashi tsaye."

"Lafiya?"

"Lafiya ƙalau. Uban amarya ba zai fita da farar shaddar da ta ci Sallah uku ba. Mutane sai su ce ƙuli-ƙulin da nake soyawa ban san inda nake kai ribarsa ba."

Ya ce, "Wace irin wahala ce wannan kuma? Ni da za a ɓoye ni a bayan sahu."

"A ɓoye ka da kyau dai. Buɗe."

Ya kwance zanen. Shadda ce shuɗiya mai duhu, ta sha bugu, tana ƙamshin sabunta. Ya ɗaga ta ta kafaɗu, ta warware. Sai hannunsa ya tsaya a sama. A ƙirjin sabuwar shaddar, aska takwas ce ta zaren tsamiya wadda tsufa ya mayar ruwan ƙasa, kuma a bakin aska ta uku akwai tabon goro kamar girman ƙwayar wake. Ya san ranar da aka yi tabon. Yana nan a tsaye lokacin da mahaifinsa ya yi atishawa a wajen wani suna a Mainika.

Ya ce, "Ina kika samo wannan?"

"Ina kuwa? A adakarka."

"Adakar a kulle take."

Hajaratu ta yi dariya. "Shekara talatin da uku ina share ɗakin nan, ka zaci ban san inda makulli yake kwana ba?" Ta matso ta kama gefen rigar tana gyara shi. "Duk shekara ina ganinka ta labule, ka shimfiɗa ta ka zauna kamar mai gadin kabari. Na ce wannan bawan Allah yana son rigar ubansa, ta yi masa tsawo, kunya ta hana shi faɗa. Da na duba bana sai na ga asu ya cinye bayan duk, kafaɗar ma kana ja tana yagewa. Aikin ne kaɗai ya tsira. Shi ne na sa aka cire shi aka ɗora a kan wannan. Farar rigarka na bayar aka yi awo. Sa mana, ba za ta taɓa ƙasa ba."

"Kin sa an yanka ta."

"An cece ta dai."

Ya ajiye rigar a kan gado a hankali, kamar mai ajiye jariri mara lafiya. Ya ce, "Wane tela ne?"

"Ka ga inda aka sha wuya ke nan. Telolin nan Gwarzo uku na kai wa, kowa ya ce shi na keke ne, ba zai taɓa aikin hannu ya ɓata ba. Sai Adawiyya ta ce akwai wani dattijo Muntari a wajensu, shi ya gaji aikin."

Adawiyya matar Ja'afar ce. Malam Abdulƙadir ya ji kamar an zare masa tabarma daga ƙarƙashi.

"Kabo kika kai ta?"

"Ranar da na ce maka zan je duba kayan ɗakin Kamila. Ban yi ƙarya ba, na duba. Ja'afar ma shi ya karɓa ya kai wa Muntarin da hannunsa, ya ce mace ba za ta iya yi masa bayani ba."

"Ja'afar ya gan ta."

"Ya gan ta mana."

"Me ya ce?"

Ta ɗan yi tunani, ta lura da fuskarsa yanzu, murmushinta ya soma janyewa. "Ya daɗe yana kallonta. Ya ce, 'Ashe tana nan.' Ya kai wuyan rigar hanci ya shinshina. Sai ya ce bari ya je ya duba wani awon masara, ya fita, ya jima bai dawo ba. Da ya dawo ya ce shi zai gaya wa Muntari kada ya kuskura ya wanke tabon goron."

"Yaushe ke nan?"

"Mako shida."

Malam Abdulƙadir ya zauna a bakin gado. Muryarsa ba ta tashi ba, shi ba mai ɗaga murya ba ne, amma kowace kalma sai da ya auna ta kafin ya sake ta. Ya ce, "Hajara, kin buɗe abin da na kulle. Kin ɗauki abin da ban ba ki ba, kin fita da shi gari ya gari, kin sa almakashi a kansa, kin dawo kin yi mako shida kina zuba mini tuwo ba ki ce komai ba. Kuma kina so in yi godiya."

"Malam, kyauta ce. Kyauta ana shelarta?"

"Kin ci amanata."

Ta tsaya kamar an watsa mata ruwa. A shekara talatin da uku ya taɓa ce mata mai taurin kai, ya taɓa ce mata mai yawan magana, bai taɓa ce mata wannan ba. Ta ninke zanen da ta kawo ƙunshin a ciki, ta sake ninkewa, har ya zama ɗan ƙarami a hannunta. Ta ce, "Allah ya huci zuciyarka," ta fita.

Ranar Alhamis gidan ya cika da mata. Ana daka, ana tankaɗe, ana gardamar wanda ya ɓatar da murfin babbar tukunya. Malam Abdulƙadir ya karya da ruwan zafi kawai, ya hau babur ya tafi gonarsa ta hanyar Kutama, ya ce zai duba dawa. Dawar ba ta bukatar dubawa. Ta sunkuyar da kai tana jiran lauje, tsuntsaye suna ta shawagi a kanta. Ya zauna a gindin ɗorawa ya cire hula.

Abin da ya fi cinsa ba yankan rigar ba ne. Mako shida ne. A cikin mako shidan nan Ja'afar ya kira shi a waya sau uku a kan maganar sadaki da wurin ɗaurin aure, muryarsa ba ta canza ba, har da tsokanarsa cewa uban amarya ya rage rowa ya yanka sa. Ashe duk lokacin yana magana ne da mutumin da ya san ya yi ƙarya a gaban liman a kan kayan ubansu. Adawiyya ta sani. Tela ya sani, ko bai san komai ba ya ga fuska. Matarsa ta ɗauki asirinsa a ka kamar tallan goro ta kai shi ƙofar gidan da ya fi tsoro a duniya, ta dawo tana jiran a yaba mata. Duk sun zagaye shi suna kallo, shi kaɗai ne bai san an yaye masa zane ba.

Can ƙasan wannan fushin kuma akwai wani tsoho, wanda ya fi shi shekaru. Wata bakwai na jinya, aka saka masa da barkwanci a kan gajartarsa. Ya sha gaya wa kansa cewa mamaci ba a yi masa hisabi, ya sha yi wa tsohon addu'a a sujada da zuciya ɗaya. Amma yau da ya tono, sai ya tarar da abin yana nan ɗanye.

Ya yi azahar a gona, ya yi la'asar a masallacin bakin hanya. Da ya dawo gida ya tarar rigar tana nan inda ya bar ta a kan gado, an dai rufe ta da mayafi saboda ƙura. Bai daɗe da zama ba Hajaratu ta shigo. Hannunta da lalle, idonta kuwa ya nuna ba ta yi barcin kirki ba. Ba ta zauna ba.

Ta ce, "Na zo in ɗauke ta ne. In ba ka so, kada ta tsare maka gado. Amma kafin nan ina so ka gaya mini amanar da na ci, domin jiya na kwana ina lissafi ban gano ta ba. Na buɗe adaka, na yarda, ka yafe mini. Sai dai buɗe adakar miji ba ta kai a kira mace da sunan da ka kira ni ba."

A tsakar gida wata tana rera waƙar daka, wasu suna amsawa.

"Malam, da kai nake."

Ya ce, "Sakaya ƙofar."

Ta sakaya. Ya gaya mata. Bai yi ado ba, bai rage ba: ɗakin Lakwaya, maganar tsohon, zauren rabon gado, abin da ya ce a gaban liman. Yana magana yana kallon ƙafarsa. Da ya gama sai ya ji ta zauna a ƙasa, a kan ledar ɗakin.

Sannan ta ce, "Wato rigar Ja'afar ce."

"Haka Baba ya ce."

"Na ɗauki rigar mutum, na kai masa har gidansa, na ce ya taimaka a yanka ta daidai jikin wansa."

"Ba ki sani ba."

"Wa ya hana ni sani?" Ta ɗago ta dube shi. "Ya ba ni fura, Malam. Ya raka ni tasha, ya sa aka ba ni gidan gaba. Ni kuma ina ta zuba, ina cewa ai Yayanka ba shi da abin da yake so a duniya kamar rigar nan, duk shekara sai ya fito da ita. Yana ta cewa Allah sarki. Ashe ni ce mahaukaciyar kasuwa, ina rawa ban san zanena ya kwance ba."

"Hajara."

"Na binne 'ya'ya biyu a gidan nan, kana riƙe da hannuna. Ciwon da ban gaya wa uwata ba na gaya maka. Na zaci babu adakar da ke tsakaninmu sai ta ƙarfe." Ta share ido da bakin mayafi, lallen ya ɗan taɓa kuncinta. "Shekara goma sha bakwai ina tausayinka ta labule. Ina cewa maraici ne. Har addu'a nake yi maka a kai. Jiya kuma ka dubi idona ka ce ni na ci amana."

Fushin da ya yini yana ginawa a gindin ɗorawa yana nan, bai rushe ba, amma ya rasa wanda zai jingina shi a kansa.

Can ya ce, kamar mai magana da bango, "Rabi kawai ya sani. Ya san na ɓoye ta. Bai san tasa ba ce. In na sa ta ranar Asabar, na ja shi gefe na ce na kasa rabuwa da ita ne, zai ce ba komai. Na san shi."

"Zai ce."

"Maganar ta mutu ke nan."

Hajaratu ta miƙe. Ta ce, "Ni ba zan faɗa wa kowa ba, ba a ba ni saƙo ba. Amma ga abu ɗaya. Jiya ni na roƙe ka ka sa rigar nan. Yau ina roƙonka, don girman Allah, kada ka sa ta a ɗaurin auren 'yata. Ka sa tsohuwar farar, na wanke ta."

Ta fita. Jim kaɗan ta dawo da baƙar leda ta ajiye a gefen rigar. Ta ce, "Ragowar saƙin ne. Muntari ya haɗo da shi. Ban zubar ba." Ta sake fita, wannan karon ba ta ja ƙofar ba.

Ya buɗe ledar. Ƙyallaye ne, wasu kamar tafin hannu, wasu kamar ɗankwali, duk asu ya yi musu ido-ido. Warin kafur ɗinsa na shekara goma sha bakwai ya taso ya cika ɗakin.

Ranar Juma'a da hantsi, lokacin da ya kamata a ce yana zaure yana karɓar baƙin da suka fara sauka, ya ɗaure rigar da ledar a cikin ɗan buhu ya fita ta ƙofar baya. Bai ɗauki babur ba. Ya shiga motar Kano a tasha ya ce Kabo zai sauka. A hanya an baza masara da barkono a gefen kwalta suna shan rana, direba yana ta kauce musu yana mita. Sau biyu ya yi niyyar cewa a sauke shi.

Shagon Ja'afar yana bakin kasuwa, buhunan sabuwar masara sun kai rufi. Yana zaune a kan benci da kwanon awo a cinya, dogo har a zaune, furfura ta fara cin gemunsa daidai inda ta fara cin na mahaifinsu. Da ya hango wansa sai ya miƙe da sauri ya cire takalmi, ya rusuna.

"Yaya? Sannu da zuwa. Ina kwana?"

"Lafiya lau. Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Ya hidima? Ya mutanen gidan?"

"Suna lafiya. Ya Adawiyya da yara? Ya kasuwa?"

"Mun gode Allah. Ya taro?"

"Alhamdu lillahi."

Ja'afar ya kakkaɓe bencin da hannun riga. "Uban amarya da kansa, ana gobe ɗaurin aure? Ko angon ne ya ga tsadar masara ya gudu?"

"Yana nan."

"To madalla. Don ni na riga na haddace abin da zan faɗa, ba zan yi asararsa ba."

Malam Abdulƙadir ya zauna. Ya ɗora ɗan buhun a tsakaninsu ya kwance bakinsa, shuɗin shaddar ya leƙo. Ja'afar ya gani. Ya kawar da kai wajen titi, ya mayar da kwanon awon cikin buhun masara, ya ɗauki lokaci yana daidaita shi.

Ya ce, "Yaya, in don wannan ka zo, da ba ka wahalar da kanka ba. Na ji zafi, ba zan ɓoye maka ba. Kwana biyu ban yi barci ba. Amma na zauna na yi tunani. Kai ka yi jinya. Kai ka ga abin da ban gani ba. Da ka ce kana so a ranar, wa zai hana ka? Ni dai ba ni ba. Ka sa abarka gobe, mu gan ka mu tuna Baba. Maganar ta wuce."

Ga ƙofa an buɗe masa har bango, ba sai ya ƙwanƙwasa ba. Abin da ya rage kawai ya ce na gode, a kawo ruwa, a koma maganar sa da shinkafa. Ya ji kalmar ta hau harshensa ta zauna. Wata mota ta wuce da buhunan gyaɗa, ya bi ta da kallo har ta sha kwana.

Ya ce, "Ba tawa ba ce."

Ja'afar ya juyo.

"Taka ce. Baba ya ce in kawo maka. Ranar Talata ya faɗa, ya rasu Alhamis. Na ce masa to. Ban kawo ba." Ya tura buhun gaba kaɗan. "Ga abin da ya rage. An yanke ta daidai ni, ba za ta yi maka ba. Sauran yana cikin leda."

Ja'afar bai taɓa buhun ba. Fuskarsa ba ta yi fushi ba, wani abu ta yi wanda ya fi fushi wuyar kallo. Da ya yi magana, muryar ta yi ƙasa sosai.

"Ya ambace ni?"

"Ya ambace ka."

"Na zo Juma'a na tarar an binne shi. Na tambaye ka ko ya bar mini magana, ka ce bai iya magana ba a ƙarshe." Ya dubi buhun. "Shekara goma sha bakwai ina zaton da fushina ya tafi, saboda ban zauna jinya ba. Ko kabarinsa in na je, daga nesa nake tsayawa."

Malam Abdulƙadir ya manta ma ya faɗi wannan. Yanzu ya tuna, har da inda suke tsaye, a bakin rijiyar gidan.

Wata mata ta tsaya a ƙofar shagon da buhu a hannu ta ce, "Alhaji, nawa kwanon masara yau?"

Ja'afar bai dube ta ba. Ya ce, "Hajiya, yi haƙuri, leƙa na gaba."

Ta tafi. Ya jawo ledar, ya zaro ƙyalle ɗaya ya shimfiɗa a kan gwiwarsa, yana lallashe shi da yatsa ta inda asu bai ci ba. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ladanin masallacin Juma'a ya fara gwada lasifika daga nesa.

Ja'afar ya ce, "Faɗa mini yadda ya faɗa. Kada ka gyara. A zaune yake ko a kwance?"

Malam Abdulƙadir ya cire hularsa ya ɗora a kan benci, ya gyara zama ya fuskanci ƙanensa.

Ya ce, "A kwance yake, ya juya wajen taga. Na gama ba shi kunu ke nan."